Harajin da ba shi da rasit

Laccar da aka gabatar a wani zauren taro a Nassarawa GRA, Kano

   

A takardar gayyatar da aka aiko mini an rubuta cewa ana so in yi magana a kan ra'ayin 'yan mazan jiya game da haraji da kasafin kuɗi. Da na karanta sai da na yi dariya, don a garin nan in aka kira mutum ɗan mazan jiya ba yabonsa aka yi ba. Tun zamanin NEPU da NPC kalmar ta kwashi ƙura. Ana nufin ɗan fada, mai goyon bayan dogari, wanda ba ya son talaka ya ɗaga kai. Na karɓi sunan, amma bisa ma'anar da na sani: mutumin da ba ya zubar da ruwan randa don ya ga hadari ya haɗo a gabas, kuma in an ba shi ajiyar kuɗin jama'a ba ya kashe na baɗi a bana. Shekaru talatin da 'yan kai na yi a ofishin kuɗi kafin in ajiye aiki, kuma wannan aikin shi ya mai da ni haka, ba wata jam'iyya ba.

Ya dace a yi wannan magana a unguwar nan. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, nan Nassarawa suka yi mazauni. Daga inda muke zaune zuwa Gidan Ɗan Hausa ba wata tafiya ba ce, kuma a can ne Hanns Vischer ya buɗe makarantarsa a 1909. Mun saba ambaton ta a tarihin boko, amma a duba abin da aka fara koyarwa: karatu da rubutu, lissafi, da awon ƙasa. Mulkin yana bukatar wanda zai ƙirga kawuna, ya auna gona, ya rubuta rasit. A wannan zamanin aka yi malaman taki, masu bin gona da takun ƙafa su yanka mata haraji. Boko da haraji a Kano tare suka yi rarrafe.

Ba Bature ne ya kawo mana haraji ba. Barth, Bajamushen nan da ya zo Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace karofi ta marina kuma wuri 700. Kafin shi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya lissafa jangali da kuɗin gari a cikin Kitabul Farƙi a jerin abubuwan da sarakunan Hausa ke ɗora wa mutane ba bisa shari'a ba. Kafin Shehu ma, a littafin da Al-Maghili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa akwai babi a kan inda ya halatta sarki ya samo dukiya, da wani babin a kan inda ya halatta ya kashe ta. Wato tambayoyin nan biyu, daga ina kuma zuwa ina, sun haura shekara 500 a ƙasar nan. Wanda ya yi su yau bai aro ra'ayin Amurka ko Ingila ba.

Bari in ba ku labarin wata adaka.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da adakar ƙarfe koriya a ƙarƙashin gadonsa. Bayan rasuwarsa muka buɗe. A ƙarƙashin alkyabbar da bai taɓa sawa ba muka sami wani ƙunshi a tsumman atamfa, an ɗaure da zaren buhu. Rasit ɗin haraji ne, shekara bisa shekara, wasu sun yi ja, wasu gara ta ci gefensu, kowanne da sunansa da sunan unguwa da adadin sule. Ya adana su tare da takardar gidanmu, don a lokacinsu wannan 'yar takarda ita ce shaidar kai cikakken mutum ne. In za ka yi tafiya da ita kake tafiya, in ka je gaban alƙali ana iya tambayarka ita. Na tuna wata shekara da rijiyar unguwarmu ta rufta. Ya ɗauki rasit ɗin shekarar ya sa a aljihun gaba, ya tafi wurin mai unguwa, suka wuce wurin dagaci. Bai je roƙo ba. Ya je ne kamar wanda ya ba tela ɗinki ya zo karɓa.

Ƙanin mahaifiyata kuwa ɗan NEPU ne na gani kashe ni. Shi labarin da yake bayarwa daban ne, kuma shi ma gaskiya ne. Ya ga an shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci saboda sule goma. Ya ga an kama akuyar bazawara. Ya ga matasa suna barin gari da kaka da sunan cin rani alhali gudun haraji suke yi, ya ga Bafulatani ya kora shanunsa ya tsallake iyaka cikin dare don ya ji masu jangali sun sauka. An sha rubuta kan mamaci a ci gaba da karɓa daga danginsa. Malam Aminu Kano da mutanensa, tun kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, a kan wannan suka sha ɗauri da duka. Duk ɗan mazan jiyan da ya ce waɗannan abubuwa ba su faru ba maƙaryaci ne, kuma shi ya ɓata mana suna.

To amma a duba ɗaya gefen. Baitulmali, wanda aka fara a Katsina zamanin Baturen mulki Palmer sannan ya iso Kano zamanin Sarki Abbas, ya kawo abin da ba a saba da shi ba. An raba aljihun sarki da aljihun ƙasa, an yanka wa sarki da hakimai albashi, ana rubuta kasafi kowace shekara a buga shi. Da kuɗin talakan nan En'e ta Kano ta gina asibitin birni, ta jawo ruwan famfo daga Challawa, ta kawo lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Gwamnatin Sardauna, da Makaman Bida a ma'aikatar kuɗi, da ribar gyaɗa da auduga da fata ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Waɗannan mutane ba waliyyai ba ne, kuma hukumar sayen amfanin gona ta danne wa manomi farashi, wanda shi ma haraji ne a ɓoye. Sai dai sun san abu ɗaya: in damina ta ƙi, baitulmali ya rame. Arziƙin gwamnati a ɗaure yake da arziƙin manomi, ko tana so ko ba ta so.

A 1979 Alhaji Abubakar Rimi ya hau, ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, Alhaji Balarabe Musa ya yi haka a Kaduna. Ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma har gobe ban ce sun yi kuskure ba. Harajin da ake yanka wa attajiri da ɗan dako kusan kai ɗaya ba adalci ba ne. Ko a Ingila, Margaret Thatcher, uwar 'yan mazan jiyan can, da ta kawo irinsa a 1990 sai da Landan ta kama da tarzoma, shekarar ba ta ƙare ba ta bar kujera. Saboda haka kada wani ya fita daga zauren nan ya ce na nemi a dawo da jangali.

Abin da nake so a lura da shi shi ne abin da ya ba da damar sokewar. Kuɗin mai ne. Gyaɗa ta riga ta faɗi tun annobar 1975, dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, gwamnati ta koma cin abinci daga Legas, daga baya Abuja. Tun daga ranar gwamna ba ya bukatar manomin Bichi ko maƙerin Tamburawa ya yi arziƙi kafin ya biya albashi. Abin da yake bukata shi ne a zauna taron rabon wata. A tsarin da ake bi, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ladan gwamnoninmu ba daga hannun talaka yake fitowa ba. Talaka ya zama wanda ake tunawa da shi shekara huɗu sau ɗaya, da atamfa da taliya.

Shin ya daina biya? Ko kusa. Rasit ɗin kawai aka daina ba shi.

Akwai mai shayin da nake zama wurinsa bayan sallar asuba, shekara kusan goma sha biyar ke nan. A da in ya buɗe gwangwanin madara kofi biyu yake yi. Na zauna ina kallo ya koma uku, ya koma huɗu, har ya koma madarar gari ta ƙulli yana auna ta da murfin kwalba. Burodin da yake yankawa huɗu ya koma shida. Wata rana ya zaro mini takardu daga ƙarƙashin ledar teburinsa, tikiti kala uku na mako guda, na shara, na wurin zama, da wani da shi kansa bai san na mene ne ba. Babu sunansa a ko ɗaya. Ɗaya ma ko lamba babu. Ya ce, "Alhaji, in na ƙi biya su kifar da tukunyar, in na biya ban san wanda ya ci ba." Na ce masa ai akwai wanda ya fi waɗannan ukun girma, wanda ba a ma yago maka takarda. Ya ce wanne? Na nuna masa murfin kwalbar.

Wannan shi ne babban harajin zamaninmu. In gwamnati ta kashe abin da ba ta da shi, ta sa Babban Banki ya buga mata, kuɗin da ke aljihun kowa sai ya rage auki. Dokar Babban Banki ta ce abin da zai ranta wa gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na bara. Aka yi ta tsallake wannan iyaka har bashin ya kai naira tiriliyan 22.7, sannan a watan Mayun 2023 majalisa ta amince a mai da shi bashin dogon zango, wato 'ya'yanmu su biya. Babu ɗan majalisar da ya tashi ya ce a ɗora wa mai shayi haraji, amma shi ya biya, da madara. Hukumar ƙididdiga ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Wane dagaci ne a zamanin En'e ya taɓa karɓe rubu'in abin da mutum ya mallaka a shekara ɗaya?

Maganar bashi kuwa abin kunya ce. A 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, ƙasashen da ke bin mu suka yafe dala biliyan 18, muka biya wajen biliyan 12, muka fita fes. A 2007 aka yi dokar da ta ce giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na arziƙin ƙasa. Shekara goma sha biyar bayan nan, a 2022, biyan bashi ya cinye kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, in ji Bankin Duniya. Ana ce mana bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma ba a taɓa ganin mutumin da hanji ya fi shi nauyi yana tafiya ba.

Janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, a ƙa'idar da nake bi, daidai ne. Tallafin da bashi ake biyan sa, kuma mai motoci biyar a unguwar nan ya fi mai keke a Rimin Kebe morarsa, ban da wanda ake tsallakawa da shi iyaka. Inda na rabu da masu mulki shi ne abin da ya biyo baya. Wanda ya ce wa iyalinsa a ɗaure ciki, shi ya kamata a fara gani ya rame. Kasafin tarayya ya tashi daga tiriliyan 28.7 a 2024 zuwa kusan 55 a 2025. Kason jihohi ya kumbura. An sayo wa 'yan majalisa manyan motoci a cikin watannin da mutane ke dawowa daga aiki a ƙafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tarzomar da ta ɓarke a titunan garin nan ranar 1 ga Agusta 2024 ba na goyon bayanta, amma ruwa ba ya tsami banza.

Mu dawo gida. Kasafin Jihar Kano na 2024 ya haura naira biliyan 430, na 2025 ya haura biliyan 700. A 2023 abin da jihar ta tara da kanta bai kai biliyan 50 ba, a shekarar da Legas ta haura biliyan 800. Wannan a garin da ke da Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Ƙofar Wambai. Ko dai ba a karɓa, ko ana karɓa ba ya isa asusu, kuma ni da na yi aikin na san duka biyun ne. Shi ya sa da Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin VAT ba. Suna da hujja a wani ɓangare, don kamfani na iya sayar da kaya a Kano a rubuta harajin a hedikwatarsa ta Legas, kuma hatsi da dabbobin da muke ciyar da ƙasa da su ba a ɗora musu VAT. An yi ta ja-in-ja, aka daidaita, aka sa hannu a watan Yunin 2025. Amma ni abin da ya dame ni a wannan rigima shi ne duk ƙarfinmu a kan rabo ya ƙare. Ban ga an kira taron gaggawa a kan masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa da suka zama kangaye ba.

Akwai abin yabo a sababbin dokokin. An ce wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba babu harajin samu a kansa. Wannan mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, nisabi ke nan, abin da bai kai ba ba a taɓa shi. Sai dai nisabin zakka da zinariya ake auna shi, shi ya sa ba ya tsufa. Wannan da naira aka rubuta shi, in ba a riƙa sabunta shi ba, nan da 'yan shekaru mai gadi ma zai faɗa ciki. Ibn Khaldun ya lura tun ƙarni na 14 cewa daula a farkonta haraji kaɗan take ɗorawa ta tara da yawa, in ta tsufa ta saba da daɗi sai ta yi ta ƙara shi, mutane su karaya da nema, abin da take tarawa ya ragu. Reagan na Amurka ya kafa hujja da shi a 1981, mu da muke da littafin a zaurukanmu ba mu kafa ba. 'Yan adaidaita sahu da suka ajiye aiki a Fabrairun 2021 a kan naira 100 ta kullum ba su karanta Muƙaddima ba, amma garin nan ya yi tafiyar ƙafa har aka saurare su.

Ga kuma ɗabi'ar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Kowace gwamnati ta zo sai ta yi kamar daga kanta aka fara Kano. A watsar da aikin wanda ya gabata a ɗauko sabo. Titunan kilomita biyar-biyar na ƙananan hukumomi 44 sun yi shekaru ciyawa na fitowa a kansu. Shataletalen ƙofar gidan gwamnati, nan kusa da mu, wata gwamnati ta gina, wata ta rushe a 2023, aka sake ginawa, kuma duka ukun, gini da rusau da sabon gini, daga aljihu ɗaya aka biya. Gadar sama tana da amfani, ina bi ta kanta, amma ana son ta ne don tana fita a hoto. Gyaran bututun ruwa da biyan haƙƙin 'yan fansho da sayen alli ba sa fita. Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga a farkon shekarun 1970, har yau manoman Kadawa da Kura da ita suke cin abinci. Da wanda ya gaje shi ya ce aikin wani ne ya yi watsi da ita fa?

Abin da irina ke nema ba shi da ado. Haraji ya zama kaɗan, ya zama sananne, hannu ɗaya ya karɓa, ya shiga asusu ɗaya, a ba mutum takarda da sunansa a jiki. A yi kasafi daidai ruwa daidai tsaki, bisa abin da aka tabbatar zai shigo, ba bisa fatan alheri ba. In za a ci bashi, a ci don abin da zai rayu ya fi bashin daɗewa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to a liƙa adadin da ya shigo kowane wata a ƙofar sakatariya da Hausa, da boko da ajami, yadda mai tallan goro zai tsaya ya karanta. Ciyaman da mutanen garinsa suka san nawa ya karɓa ba zai yi barci irin na da ba.

Saura ku, ko in ce mu, mazauna wannan unguwa. Ranku ya daɗe, a gafarce ni. Malamin firamare ana cire masa haraji tun albashin bai taɓa hannunsa ba. Mu nawa ne a zauren nan muka biya kuɗin ƙasa na gidajenmu a bana ba tare da an aiko mana takardar gargaɗi ba? Mun haƙa burtsatse, mun ɗora sola, mun kai 'ya'ya makarantar kuɗi, mun ɗauki mai gadi, in jiki ya motsa mu hau jirgi zuwa Alƙahira. Kowannenmu ya zama ƙaramar gwamnati a bayan katanga. Ba ma biya, don haka ba ma tambaya, kuma mu ne masu bakin da in mun tambaya za a ji. Majalisar dokokin jiha tana zaman jin ra'ayin jama'a a kan kasafi kafin ta amince da shi. Na halarta sau da dama, ban cika ganin fuskokin da nake gani yau ba.

Rasit ɗin mahaifina na zo da guda uku, suna hannun shugaban taro. Wanda ke son gani ya zo bayan an tashi, amma a riƙe su a hankali, takardar ta yi laushi. Shugaba, an yi mini nuni lokaci ya ƙure, ga magariba ta gabato. In akwai tambaya ina saurare.